Layin wutar da kamfanin birni zai gina a Amurka: me ya kawo hukumar jiha cikin maganar?

Sa'adatu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana shari'a da injiniyoyin da ke wannan zaure game da wani ɓangare na tsarin wutar lantarki a Amurka wanda har yanzu bai zauna mini daidai ba. Kamar yadda aka sani, ba dukkan kamfanonin wutar ƙasar ne ke hannun masu hannun jari ba. Akwai kimanin 2,000 da al'umma ce ta mallake su, mafi yawansu na birane da ƙananan garuruwa, tun daga manya irin su hukumar ruwa da wuta ta Los Angeles, da CPS Energy na San Antonio, da Austin Energy, da Seattle City Light, har zuwa na garuruwan da masu sayen wutarsu ba su wuce 'yan dubbai ba. Abin da na fahimta shi ne, a yawancin jihohi hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta ba ta da hurumin yanke wa irin waɗannan kamfanoni farashi, saboda majalisar birni ko kwamitin da birnin ya naɗa ne ke yin wannan aiki, kuma jama'a suna da damar hukunta su ranar zaɓe.

To amma da aka zo kan gina manyan layukan dakon wuta, wato masu ɗauko wuta mai yawa daga tashoshin samar da ita zuwa wurare masu nisa, sai lamarin ya sauya. A wasu jihohin wajibi ne kamfanin birni ya gurfana gaban wannan hukuma ta jiha ya nemi izini kamar kowane kamfani mai neman riba, a wasu kuma shi ne mai neman izinin, shi ne kuma mai bayarwa. Abin da nake son fahimta shi ne dalilin da zai sa gwamnati ta nemi izinin gwamnati kafin ta kafa turaku, da kuma dalilin da ya sa aka amince birni ya yanke farashi da kansa amma ake ɗari-ɗarin barinsa ya ja waya da kansa. Idan kuma hujjar sa idon jiha tana da ƙarfi, me ya hana dukkan jihohin bin tafarki guda, ko gwamnatin tarayya ta karɓi ragamar baki ɗaya? Na gode.

Barista Nuhu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Sa'adatu. Zan fara da ƙarshen tambayarki domin shi ne mafi sauƙin amsawa. Dokar wutar lantarki ta tarayya ta 1935 ta ba hukumar tarayya, wadda a yau ake kira FERC, iko a kan farashin sayar da wuta a sari da farashin dakonta tsakanin jihohi, amma ta bar wa jihohi maganar inda za a kafa layi. Ba haka aka yi wa bututun iskar gas ba, domin izinin shimfiɗa shi tsakanin jihohi yana hannun tarayya a ƙarƙashin dokar 1938. Ƙari a kan haka, sashe na 201(f) na dokar 1935 ya fitar da jihohi da birane da hukumominsu daga mafi yawan ikon FERC. A 2005 majalisar dokokin tarayya ta buɗe wata 'yar ƙofa, ta ba FERC damar ba da izini a yankunan da aka ayyana a matsayin masu muhimmanci ga ƙasa idan jiha ta ja ƙafa, sai dai hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara a 2009 da 2011 sun rage wa wannan dama ƙarfi ƙwarai, kuma ko bayan gyaran da aka yi mata a 2021, jiha ce har yanzu wurin da ake zuwa. Majalisu hamsin ne ke rubuta ƙa'idar, shi ya sa ba ki ga tafarki guda ba.

Batun gwamnati ta nemi izinin gwamnati kuwa, a shari'ar Amurka birni ba takwaran jiha ba ne. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci birane ba ko sau ɗaya. Tun a 1868 alƙali John Dillon na jihar Iowa ya kafa ƙa'idar cewa birni ba shi da wani iko sai wanda jiha ta ba shi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan fahimta a 1907 a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh. Gaskiya ne jihohi da dama sun ba manyan biranensu 'yancin gudanar da al'amuransu na cikin gida, wasu ma a cikin kundin tsarin mulkin jihar, amma wannan 'yanci ya shafi abin da ke na cikin gida ne. Don haka sassaucin da kamfanin birni ke morewa majalisar jiha ce ta ba shi, kuma ita ce ke da ikon faɗin inda ya tsaya.

Dalilin ba da sassaucin shi ne zai warware miki sauran tambayar. An fara kafa hukumomin jiha masu cikakken iko a kan kamfanonin wuta a 1907, a Wiskonsin da New York, saboda kamfanin da ba shi da abokin gogayya a yankinsa, wanda kuma masu hannun jari ke jiran ribarsa, yana da dalilin tsauwala wa mai sayen wuta, mai sayen kuma ba shi da wurin gudu. A kamfanin birni mai shi da mai sayen wutarsa mutum ɗaya ne. Idan farashi ya yi tsada, wanda ya biya shi ne wanda zai kaɗa ƙuri'a, saboda haka aka ga babu buƙatar wani alƙali a tsakani. Wannan hujja tana tsayawa da ƙafarta matuƙar wanda ke ɗaukar nauyin shawarar shi ne mai zaɓen wanda ya yanke ta. Babban layin dakon wuta kuwa ba a cikin birni yake ƙarewa ba. Yana ratsa gonaki da gandun kiwo da ƙauyuka masu nisan mil da yawa daga iyakar birnin, kuma mai gonar da aka dasa wa hasumiyar ƙarfe a tsakiyar filinsa ba ya zaɓen magajin garin, sau da yawa ma ba ya sayen wutar kamfanin. Kamfanin birni yana da ikon karɓar hanya a filin mutum don amfanin jama'a, a jihohi da dama har a wajen iyakarsa. Idan babu hukumar jiha, to wanda ya ce ana buƙatar layin, da wanda ya zaɓi hanyar, da wanda zai karɓi filin duk hukuma ɗaya ce, kuma ba ta da wani abin tsoro daga mutumin da abin ya shafa.

Jihar Teksas ta nuna wannan sarai. Shekaru da yawa kamfanonin birane a can suna gina layukan dako ba tare da takardar shaidar buƙata da amfanin jama'a ba, wadda kamfanoni masu hannun jari ba sa iya motsi sai da ita. A 2015 majalisar jihar ta yi doka cewa kamfanin birni ba zai gina ko ya tsawaita layin dako a wajen iyakar birninsa ba sai ya sami wannan takarda daga hukumar jiha. Ba ta taɓa ikon birni na yanke wa mutanensa farashi ba, ba ta kuma hana shi aiki a cikin iyakarsa ba. Ta ma ba da rangwame na wucin gadi ga layukan da ba su wuce mil 10 daga yankin da kamfanin ke ba wa wuta ba, har zuwa 1 ga Satumba, 2021. Iyakar birni ce aka mayar ma'auni, saboda a nan ne ƙuri'a ke tsayawa.

Wasu jihohin ba su dubi ko wane ne mai layin ba, girman layin suka duba. Dokar Fulorida ta 1980 ta shafi layi mai ƙarfin kilobolt 230 ko sama (kilobolt ma'aunin ƙarfin wuta ne, bolt dubu ke nan), mai tsawon mil 15 ko fiye, wanda ya ƙetare iyakar gunduma, kuma birane suna cikin waɗanda ta hau kansu: hukumar jiha ce ke tantance buƙata, gwamna da majalisar zartarwarsa kuma su ne ke da ikon ƙarshe a kan izinin. A Wiskonsin, inda hukumar jiha ke yanke wa kamfanonin birane har da farashi, ma'aunin shi ne kilobolt 100 da tsawon fiye da mil guda. Kalifoniya ce ke ɗaya gefen. Hukumarta tana ba da izinin gini ga kamfanoni masu hannun jari, amma hukumar ruwa da wuta ta Los Angeles ita ke amincewa da layukanta, ita ce kuma ke jagorantar binciken tasirin aikin ga muhalli a ƙarƙashin dokar muhalli ta jihar ta 1970.

Injiniya Garba ya rubuta:

Barista ya yi bayani a kan mai fili. Ni zan ƙara wasu mutum biyu da layin ke shafa ba tare da ya ratsa gonarsu ba, wato maƙwabcin kamfani da mai biyan kuɗi. Amma tukuna a bambance iri biyu na layi, domin ƙananan wayoyin da ke rarraba wuta zuwa gidaje da shaguna ba su ne ake jayayya a kansu ba. Maganar ta manyan layukan dako ce, waɗanda a Teksas ake ƙirga su daga kilobolt 60 zuwa sama.

Wutar da ke gudana a babban layi ba ta san yarjejeniyar ciniki ba. Idan akwai hanyoyi uku tsakanin tashar samar da wuta da birni, za ta rabu a kan ukun gwargwadon sauƙin kowace, ko wane ne mai su. Saboda haka duk sabon layin da aka jona yana sauya nauyin da ke kan layukan maƙwabta, wani ya sami sauƙi, wani kuma ya ɗauki abin da ba a gina shi dominsa ba. Katsewar wutar 14 ga Agusta, 2003, wadda ta faro a Ohio lokacin da layuka masu nauyi suka sassauto suka taɓa itatuwa, ta bar kimanin mutum miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada. Bayanta ne dokar 2005 ta mayar da ƙa'idojin kare tsarin daga rushewa wajibi a kan duk mai babban layi, har da birane, kuma NERC, hukumar da ke sa ido kan ingancin tsarin wutar Arewacin Amurka, ita ce ke kula da su. Ina ambaton wannan ne don a gane cewa ta fuskar fasaha kamfanin birni tuni yana ƙarƙashin sa idon waje. Sai dai wannan sa ido yana tambayar ko layin zai cutar da tsarin ne kawai, ba ya tambayar ko ya cancanci kuɗinsa, ko kuma ta gonar wa zai bi.

Maganar kuɗi ce, a ganina, ta fi ƙarfafa dokar Teksas, fiye ma da maganar fili. A yankin ERCOT, wato babban tsarin layukan wutar Teksas, wanda ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ake amfani da ita a jihar, ba a cajin dako gwargwadon nisa. Ana tara kuɗin dukkan manyan layukan wuri guda, a raba wa dukkan masu rarraba wuta gwargwadon kason kowannensu a lokacin da buƙata ta kai ƙololuwa a watanni huɗu na zafi, daga Yuni zuwa Satumba. Ma'anar wannan ita ce, idan birni ya gina layi, mutumin Houston da na Dallas da na Corpus Christi duk za su biya wani abu daga cikin kuɗinsa, birnin kuma zai riƙa karɓar kuɗin dako daga wannan asusu na kowa da kowa. Kuɗin ba ƙanana ba ne: layukan da aka gina don kwaso wutar iska daga yammacin jihar, kimanin mil 3,600, sun ci kusan dala biliyan 7. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Birnin da ke son jihar gaba ɗaya ta biya masa layi ba zai ce jihar ba ta da hurumin tambayar ko ana buƙatar layin ba.

Yadda neman izinin ke gudana a can shi ne, kamfani zai gabatar da hujjar buƙata tare da hanyoyi da dama da layin zai iya bi, ya aika wa masu filayen da abin ya shafa sanarwa, har da masu gidajen da ke tsakanin ƙafa 300 daga tsakiyar layin idan bai wuce kilobolt 230 ba, ko ƙafa 500 idan ya wuce. Wanda ya ga dama zai shiga shari'ar, alƙalan sauraron ƙararrakin hukumomi su saurari shaidu, sannan kwamishinoni su yanke hukunci bisa abubuwan da doka ta lissafa, irin su wadatar wutar da ake da ita, da kuɗi, da wuraren shaƙatawa da na tarihi, da muhalli, da abin da al'ummar yankin ke daraja.

Ba zan ɓoye ba, wannan ɓangare na zaɓen hanya shi ne mafi ƙarancin kyau a tsarin. Da wuya masu filaye su iya rushe hujjar buƙata, domin sai da injiniya da lauya, saboda haka abin da ke faruwa shi ne kowa yana ƙoƙarin tura layin kan maƙwabcinsa, kuma wanda ya fi ƙarfin ɗaukar lauya ya fi samun kunnen da zai saurare shi. Kusan a kowane zama sai an nemi a binne layin a ƙasa, alhali binne babban layi yana ninka kuɗinsa sau da yawa kuma gyaransa ya fi ɗaukar lokaci. Layin kilobolt 345 yakan buƙaci hanya mai faɗin ƙafa 150 ko makamancin haka, inda mai fili zai ci gaba da noma da kiwo amma ba zai yi gini ko ya bar doguwar bishiya ba, kuma dole hanyar nan ta bi ta filin wani.

Malam Lawal ya rubuta:

Na karanta bayanin Barista da na Injiniya, kuma ban musanta gaskiyar abin da suka kawo ba, amma ina ganin an nuna hukumar jiha kamar alƙalin da ba shi da tarihi, alhali tana da shi. Tun a 1898 Samuel Insull, shugaban kamfanin wuta na Chicago, ya yi kira ga takwarorinsa da su rungumi sa idon gwamnati a kan farashi a madadin a ba su yanki ba tare da abokin gogayya ba, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da kamfanoni masu zaman kansu ke gudu a wancan zamani shi ne birane su ƙwace harkar su riƙa yi da kansu. Har yau manyan kamfanonin nan su ne ke gaban hukumar kullum, su ne ke da lauyoyin da suka san lungunanta, kuma su ne za su iya shiga shari'ar kamfanin birni su ƙalubalanci layinsa saboda suna son su ne za su gina. Garin da masu sayen wutarsa ba su wuce dubu goma ba, idan aka ce ya shiga irin wannan zaure don layi na 'yan mil kaɗan, kuɗin lauyoyi da masana kansa nauyi ne, kuma mutanen garin ne za su biya.

Hujjar ƙuri'a ma tana da baki biyu. An ce mai gona ba ya zaɓen magajin gari. To, a Teksas da Kalifoniya ba ya zaɓen kwamishinonin hukumar jiha su ma, gwamna ne ke naɗa su. Jihohi kaɗan ne, irin su Arizona da Jojiya, ake zaɓensu kai tsaye. Kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa rashin izinin jiha yana nufin birni yana yin abin da ya ga dama. Gyara na biyar na kundin tsarin mulki ya wajabta biyan diyya ta adalci, kotu tana buɗe ga wanda bai gamsu ba, dokokin muhalli suna aiki, idan kuma layin zai ratsa filin gwamnatin tarayya, wanda ke da yawa a yammacin ƙasar, sai an sami izinin hukumar da ke kula da filin.

Kalifoniya da aka kawo a matsayin misalin sakaci ita ce hujjata. Hukumar Los Angeles ta so gina layin da ake kira Green Path North don kawo wutar zafin ƙarƙashin ƙasa daga yankin Imperial Valley, ta cikin hamadar da ke kusa da gandun ƙasa na Joshua Tree. Mazauna hamadar, waɗanda ba su da ƙuri'a a Los Angeles, suka tashi tsaye, kuma a 2010 hukumar ta janye aikin. Shekara guda kafin nan, wani shiri na layi mai tsawon kimanin mil 600 a arewacin jihar, wanda gamayyar kamfanonin al'umma da ake kira TANC ta ɗauko, ya rushe bayan kamfanin wuta na yankin Sacramento ya janye daga cikinsa a tsakiyar adawar masu filaye. Babu hukumar jihar da ta hana su. Hukumar da 'yan siyasa ke jagoranta tana jin zafin suka ko daga ina ta fito. Kada kuma a manta ƙasar tana fama da ƙarancin layukan dako, kuma kowane ƙarin mataki jinkiri ne. Teksas da kanta ta rage wa'adin yanke hukunci daga shekara guda zuwa kwana 180 a 2023. Inda na yarda da Injiniya shi ne wurin kuɗi: idan jiha gaba ɗaya za ta biya, jiha ta duba buƙata. Idan kuwa birni ne zai biya daga aljihun mutanensa, ban ga abin da izinin jiha zai ƙara ba.

Sa'adatu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Barista da Injiniya da Malam Lawal. Misalan Kalifoniya sun tsaya mini a rai, sai dai ban tabbata abin da suke nunawa ke nan ba, domin a duka biyun aikin ne ya mutu ɗungurungum, kuma ban ga inda wani ya zauna ya auna ko ana buƙatar layin ta wata hanyar ba. Ina kuma so in ji yadda abin yake a Nebraska, wadda na san babu kamfanin wuta mai hannun jari da ke sayar wa gidaje wuta a cikinta. Idan hujjar Malam Lawal ta cewa hukumar jiha makamin kamfanoni masu zaman kansu ce ta tabbata, ya kamata a ce a can babu buƙatar izinin jiha sam.

Barista Nuhu ya rubuta:

Akwai shi kuwa, Malama. A 1963 Nebraska ta kafa hukumar bitar ayyukan wuta ta jiha, kuma ba don tsoron masu hannun jari ba, tunda babu su. An kafa ta ne saboda hukumomin al'umma da kansu, na birane da na gundumomi da na karkara, suna ta rigima a kan iyakokin yankunansu suna kuma gina abubuwa iri ɗaya a wuri ɗaya. Dokar ta ce kafin a gina tashar samar da wuta ko layi mai ɗauke da fiye da bolt 700 sai an nemi amincewarta, in ban da wasu ayyukan da aka keɓe, kuma abin da take dubawa shi ne buƙatar jama'a, da ko mai neman ne zai iya yin aikin da mafi sauƙin kuɗi, da ko aikin maimaicin wani ne da ake da shi. Kowace hukuma ta al'umma tana da al'ummarta da take yi wa aiki, kuma amfanin al'ummar wani gari ba lallai ne ya zama amfanin ta maƙwabcinsa ba.

Malam Lawal ya yi gaskiya a kan tarihin Insull, amma ina ganin ya wuce gona da iri da ya ɗauki birni a matsayin wanda ba shi da sha'awar kuɗi. CPS Energy yana miƙa wa baitulmalin San Antonio har kashi 14 cikin 100 na kuɗin shigarsa, kuma wannan babban ginshiƙi ne a kasafin birnin. Ba laifi ba ne, ribar da za ta tafi wa masu hannun jari ce ke komawa ga 'yan sanda da tituna, amma yana nufin majalisar birni tana da abin da za ta samu a shawarar da take yankewa. Dokar Teksas ta daɗe da gane haka ko a batun farashi, domin ta ba masu sayen wutar kamfanin birni da ke zaune a wajen iyakarsa damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar jiha, kuma masu sayen wutar Austin Energy na wajen gari sun yi amfani da wannan dama bayan ƙarin farashin 2012, aka sasanta a 2013. Dokar 2015 wannan tunani ne ta miƙa zuwa kan layuka.

Kwamishinan da gwamna ya naɗa ba zaɓaɓɓe ba ne, na amince, amma mai gona yana zaɓen gwamnan da majalisar da ta rubuta ƙa'idar, kuma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yana da matsayin mai ƙara a shari'ar: za a aika masa sanarwa, zai ga takardun kamfani, zai yi wa shaidunsa tambayoyi, za a rubuta hukunci da dalilansa, kuma zai iya kai hukuncin kotu. Kotun da Malam Lawal ya ambata, a shari'ar karɓar fili, galibi adadin diyya take dubawa, ba kasafai take sake auna ko hanyar da aka zaɓa ce mafi dacewa ba. Abin da kika lura da shi a Kalifoniya daidai ne. Matsin lamba yana iya kashe aiki ko ya ƙyale shi, amma ba ya iya cewa a gina tare da karkata layin mil biyar gabas, kuma yana aiki ne kawai inda masu adawa ke da yawa da tsari.

Damuwar Malam Lawal game da ƙananan garuruwa ita ce wadda ban da amsa a kanta sai ta hanyar yadda ake rubuta dokar. A nan ne ma'aunin kilobolt da tsawon mil na Fulorida da Wiskonsin ke da amfani, tunda yana fitar da ƙananan ayyuka daga zauren baki ɗaya. Dokar Teksas ma ta keɓe gyara ko ƙara wa tsohon layi ƙarfi idan aikin ba ya buƙatar ƙarin fili ko hanya daga hannun wani, saboda haka garin da zai sauya waya da turaku a kan hanyar da yake da ita tun da ba ya buƙatar zuwa Austin, babban birnin jihar, neman takarda.